Katakon da aka jiƙa da maganin gara a gefen lambu

Ka tambaya ko za ka iya kewaye lambun alayyafo da tsofaffin katakai masu ɗan kore-kore, ka kuma ƙona guntayen da suka rage. Wannan launi yakan nuna an jiƙa katakon da maganin CCA, wato haɗin tagulla da sinadaran kuromiyam da arsanik (wata guba), wanda aka ƙirƙiro a Indiya a 1933. Idan ruwan sama ko ban-ruwa ya riƙa jiƙa shi, arsanik da tagulla ne suka fi tsatsowa, musamman a ƙasa mai tsami, yayin da kuromiyam ke manne wa itacen sosai. Yawancin gubar tana taruwa ne daf da katakon, daidai inda saiwar ganye take. Amurka ma ta daina amfani da irin wannan katako a yawancin ayyukan gida daga ƙarshen 2003.

A ganina, gara ka yi shingen da bulo. Ƙonawa kuwa ita ce mafi muni, domin hayaƙin yana ɗauke da arsanik, tokar kuma tana tattara shi, don haka kada ta shiga murhu ko taki.