Tafiyar Jirgin Ruwa da Ƙaramin Yaro

Tambaya: Anti, maigidana ya biya mana kuɗin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa daga birnin Miami na Amurka zuwa tsibiran Karebiyan a watan Satumba. Ɗanmu shekararsa 3. Guguwa nake tsoro. Mu je?

Amsa: 'Yata, tsoronki da hujja. Lokacin guguwar tekun Atilantika yana farawa daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba, kuma Satumba ne tsakiyarsa. In da hali, ku ɗage tafiyar zuwa Janairu ko Fabrairu.

In ba ta ɗaguwa, ki kwantar da hankalinki. Kyaftin yakan kauce wa guguwa, ko da za ku rasa wani tsibirin. Abin da ya fi damuna tangaɗin jirgin ne, domin yara daga shekara 2 zuwa 12 sun fi kowa jiri da amai. Ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawan ƙasa, can girgiza ta fi sauƙi. Ki riƙa ba yaron ruwa kaɗan-kaɗan da busasshen biskit. Maganin amai kuwa, sai da izinin likitansa.

Ranar farko ki karɓi rigar ceto daidai jikinsa. In iska ta taso, kada ya leƙa baranda, ko kina riƙe da shi.