Amsa kan manhajar rumbun bayanai ga mai amfani da manhajar karanta allo

Malam, ka yi tambaya kan manhajar da ƙanenka marar gani zai iya adana sunayen abokan ciniki da bashin shagonku na Agege da ita. Kafin ka biya ko sisi, ka saka masa NVDA, manhajar karanta allo mai faɗin abin da ke kan allo da murya, wadda kyauta ce a Windows tun 2006, sannan ku ajiye linzamin kwamfuta gefe, ku buɗe manhajar adana bayanan da kuke son ɗauka, ku gwada shigar da suna, nemo shi da gyara shi da madannai kaɗai. Idan manhajar karanta allo ta isa wani gurbi ta kasa faɗin sunansa, ko ta karanta lamba ba tare da kan layinta ba, to manhajar adana bayanan ba ta dace da shi ba, komai kyawunta a ido.

A ganina, ga ƙaramin shago Excel ya wadatar, domin NVDA da JAWS (wata manhajar karanta allo) suna karanta jadawalinsa sosai. Microsoft Access sai bayanan sun yi yawa. Google Sheets ma yana aiki idan an kunna tallafin karanta allo da Ctrl+Alt+Z, amma ya fi dogara da intanet, kuma ka san halin sabis a Legas.