Tambaya da Amsa: Bajon ƙarfe mai hoton Shaiɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya sayo jakar goyo a wurin 'yan gwanjo, an maƙala mata ƙananan bajo na ƙarfe masu ƙyalli, ɗaya daga ciki da hoton wata jar halitta mai ƙaho da wutsiya tana murmushi. Ya ce mini ado ne kawai. Yaya aka yi Shaiɗan ya zama abin ado? Wata uwa daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shi bajon kansa ba wani abu ba ne face ƙarfen da aka buga da injin, aka cike gurabensa da fenti mai sheƙi irin na kwanon samira. Yawancinsu a China ake ƙera su, matasan Turai da Amurka kuma suna sayar da su ta intanet a shafuka irin su Etsy.

Hoton ne yake da dogon tarihi. Ƙahon da kofaton da Turawa suke zana wa Shaiɗan ana danganta su da siffar Pan, wani gunkin Girkawa, kuma da can don a tsoratar da jama'a ake yin zanen. A 1667 mawaƙin Ingila John Milton ya wallafa doguwar waƙarsa kan fitar Annabi Adamu daga Aljanna, inda ya sanya wa Shaiɗan fasahar magana da taurin zuciya, har wasu marubutan da suka biyo baya suka riƙa ganinsa a matsayin jarumin da ya ƙi miƙa wuya ga mai iko. Da addini ya ja baya a rayuwar Turawa da dama, sai Shaiɗan ya koma alamar bijirewa kawai, daga nan kuma ya zama abin raha. Shirin talabijin na Lucifer, wanda aka fara nunawa a Amurka a 2016, ya fito da shi kyakkyawan saurayi abin tausayi. Ko tambarin Manchester United, da yaranmu suke sawa a ƙirji ranar wasa, yana ɗauke da jan shaiɗan riƙe da mashi mai baki uku.

A ganina, abin da Turawa suka yaba a matsayin jarumta shi ne ainihin abin da ya halaka Iblis, wato girman kan da ya hana shi yin sujada ga Annabi Adamu yana cewa shi da wuta aka halicce shi. Aya ta 6 a Suratu Faɗir ta umarce mu da mu riƙe shi maƙiyi, maƙiyi kuwa ba a yin ado da hotonsa.

Da wuya a ce ɗanki ya san wannan tarihi, saboda haka kada ki fara da faɗa. Ki zauna da shi ki bayyana masa, sannan ki bar shi ya cire bajon da hannunsa. Maƙalin bayan bajon zarewa yake yi, jakar ba za ta lalace ba.