Ku Tambaye Mu: Tanadin Guguwar Dusar Ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Wannan ne hunturunmu na farko a Kanada, ni da maigida da yara uku. Maƙwabta sai cewa suke mu yi tanadi kafin guguwa ta zo, amma ba wanda ya fayyace mana abin da za mu tanada. (Wata uwa, daga Ontariyo)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da maƙwabtanki ke gudu shi ne ɗaukewar wuta. Ƙanƙara kan daskare a jikin wayoyin lantarki da rassan bishiyoyi har nauyi ya tsinka su, kuma yawancin na'urorin ɗumama gida, har masu aiki da gas, ba sa tashi sai da lantarki. A watan Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya kayar da turakun lantarki a lardin Kebek da gabashin Ontariyo, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu, wasu har makonni. Shi ya sa gwamnatin Kanada ke cewa kowane gida ya iya riƙe kansa na awa 72.

Ki ajiye ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana, wato lita 60 ke nan na kwana uku gare ku ku biyar. Sai abincin gwangwani da ba ya bukatar girki, da mabuɗin gwangwani na hannu, wanda shi aka fi mantawa. Sai tocila da batura, rediyo mai batir, batirin cajin waya a cike, barguna, da maganin duk mai shan magani a gidan. Kyandir kam a yi hankali da shi, gobara yake jawowa. Idan wuta ta ɗauke, ku tattaru a ƙaramin ɗaki guda, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a saki labule.

Ga inda muke son ki tsaya ki karanta da kyau. Sanyi in ya matsa, dabarar farko da ke faɗo wa mutum ita ce ya hura gawayi a ɗaki, ko ya kunna murhun gas ya bar shi, ko ya shigo da janareta gareji. Duk waɗannan suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuwa ba ya jin komai. A guguwar Fabrairun 2021 a jihar Teksas ta Amurka, hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, kuma cikinsu akwai waɗanda wannan iskar ce ta kashe su suna neman ɗumi. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A kafa na'urar gano wannan iska, mai batir, kusa da ɗakunan kwana. Idan kika ga mutanen gida sun kamu da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, ku fita waje tukuna, sannan ku kira 911, lambar agajin gaggawa.

Bututun ruwa ma abin lura ne. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ke fasa bututu. A daren tsananin sanyi a bar famfo yana ɗiga, a buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya shiga. Ki san inda babban makunnin ruwan gidan yake tun yanzu.

Tambaya: Idan guguwa ta ritsa mutum a mota, ya fita ya nemi taimako ne ko ya zauna? (Wani direba, daga Amurka)

Amsa: Malam, ka zauna, sai fa in ga gini nan kana ganinsa ƙiri-ƙiri. A ma'aunin hukumar yanayi ta Amurka, ana kiranta guguwa ne idan iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, ido ba ya wuce mita 400, har tsawon awa uku. A irin wannan farin hazo mutum kan ɓace taku kaɗan daga motarsa. A Disambar 2022 a birnin Bafalo na jihar New York an tsinci gawarwaki a motoci da kan titi. Ka riƙa tada inji kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin kowane tayarwa ka duba salansa, ka kwashe dusar da ta toshe ta, in ba haka ba hayaƙin zai dawo cikin mota. Ka ɗan sauke gilashi. Tun farkon hunturu kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma but ɗin motar ya kasance da bargo da shebur da tocila. Tayar da aka saba da ita tana taurare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius, don haka ake sauya ta da ta hunturu. A Kebek ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Tambaya: Abokan karatuna suna yi mini dariya don ina lulluɓe jiki, su kuwa suna yawo kamar ba sanyi. Jininsu daban ne? (Wani ɗalibi, daga Finland)

Amsa: Ɗan'uwa, jiki na ɗan sabawa bayan makonni, amma galibin abin da kake gani sutura ce da sabo. A ƙasar da kake, iyaye kan kwantar da jarirai barcin rana a waje cikin kekensu ana sanyi, sai dai an naɗe su tsaf. Abokanka suna sanye da hawa uku: ta ciki mai tsotse gumi, ta ulu a tsakiya, sai mai tare iska a sama. Auduga kan riƙe gumi ta sanyaya jiki, kada ka sa ta a ciki. Masu bugun ƙirji da jure sanyi kuwa su ake kai wa asibiti. Idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A baƙar fata canjin launi ba ya saurin bayyana, don haka ka lura da mutuwar yatsu, hanci ko kunne. In hakan ta faru kada ka murza wurin, kada ka kanga shi a wuta. Tsoma shi a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, sannan ka je a duba ka.