Amsa kan gurnani da ƙarar gwaf a sabuwar mota

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Na karanta tambayarka: fikof ce mai jan ƙafa huɗu, ba ta cika kilomita 2,000 ba, da ka kai gudun 60 sai ta fara gurnani, in kuma ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa rami sai wani abu ya ce gwaf daga ƙasa. Na ga wasu ƴan'uwa sun riga sun ce rulma ce, wato ƙarfen da ke cikin cibiyar ƙafa wanda taya ke juyawa a kansa, ka je a canza. Don Allah kada ka bari kowa ya ɗora kile, wato abin kwance noti, a kan motar nan tukuna. Ƙara biyu ka kawo, kuma da wuya su fito daga wuri ɗaya. Kowace ƙara a mota akwai abin da take bi: ko gudun taya, ko juyin inji, ko gargadar hanya. In ka gane wanda take bi, ka yi rabin gyara ba ka kashe ko dala ba.

Mu fara da gurnanin. Ka fita da sassafe kafin hanya ta cika, ka nemi inda kwalta ta miƙe sumul, ko ta wajen Tibiri ko ta hanyar Tasawa. Kashe rediyo, kashe kilim (na'urar sanyaya mota), rufe gilasai. Ka kai gudun da ƙarar ta fi fitowa, sannan ka sauya giya ba tare da ka sauya gudun ba, misali daga ta biyar zuwa ta huɗu. Juyin inji zai tashi. In gurnanin ya tashi tare da shi, maganar ta inji ce ko abin da ke jikinsa: bel, dinamo, salansa. In ya tsaya yadda yake, inji ya fita daga zargi, saura taya, rulma da fon baya, tukunyar giyar da ke tsakanin ƙafafun baya. In giyar hannu ce kana iya sa ta firi na ɗan lokaci ka saurara, amma ko kusa kada ka kashe inji mota na tafiya, domin sitiyari da birki za su yi tauri.

A sabuwar mota, taya ce ta fi yawan laifi, kuma ita ce mutane ba sa dubawa. Motocin da ake ɗaukowa ta ruwa ana cika musu iska fiye da ƙima, sau da yawa bar 3 ko sama a ma'aunin iska, don kada taya ta lotsa saboda doguwar tsayuwa a jirgi da tashar ruwa. Wanda ya sayar ya kamata ya rage kafin ya miƙa makulli, amma ana mantawa. Tayar da ta yi tauri haka tana ruri a kan kwalta, kuma duk wani ɗan rami sai ta aika shi cikin mota da ƙarfi, har ka zaci wani ƙarfe ne ya kwance. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne a jikin ginshiƙi, an rubuta awon iskar gaba da baya, da kaya da babu kaya. Yawanci tsakanin bar 2 ne da 2.5. Wannan za ka bi, ba lambar da ke jikin taya ba, wadda ita iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. A auna da safe taya na sanyi, domin bayan tafiya a zafinmu na Afrilu awon yana ƙaruwa da 0.2 ko 0.3, kuma a auna da ma'auni, ba bugun ƙafa ko ƙwanƙwasa ƙarfe ba.

Sai zanen tayar. Fikof da yawa suna zuwa da taya mai manyan haƙora ta shiga yashi da laka, kuma irin wannan ba ta yin shiru a kan kwalta, halinta ke nan. Alamar ƙarar taya ita ce tana sauyawa da sauyin hanya: a kwalta mai santsi ta ragu, a mai kaushi ta ƙaru, a burji ta ɓace cikin sauran hayaniya. Ƙarar rulma ba ruwanta da wannan. Shafa tafin hannunka a kan tayar gaba da baya. In ka ji gefen haƙoran yana kama hannu ta ɓangare ɗaya, ko wani wuri ya ci wani bai ci ba, ƙafafun ba su daidaita ba, sai a kai ta na'urar daidaita ƙafa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowace a gefenta. In ƙarar ta bi taya ta koma baya, magana ta ƙare. In kuma tare da gurnanin sitiyari na rawa a hannunka tsakanin gudun 90 da 110, ɗan darmar da ake maƙalawa a bakin wili ne ya faɗi ko ba a sa shi daidai ba.

Yanzu rulma. Ba kasafai take mutuwa a kilomita 2,000 ba, amma yana faruwa: ko ta zo da aibi, ko ta ji rauni a ɗaurin jirgi da tirela, ko an afka babban rami da gudu, ko ruwa ya shige ta wajen tsallaka kwari da damina. Ƙararta ruri ne mai zurfi da ke ƙaruwa da gudu, kamar jirgin sama na wucewa daga nesa. Ga yadda ake kama ta. A gudun 50 zuwa 60, hanya babu kowa, ka karkata sitiyari hagu a hankali, sannan dama. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa ƙafafun dama, to in rurin ya ƙaru a lokacin, a mafi yawan lokuta rulmar dama ce, in ya ƙaru da ka karkata dama, ta hagu ce. Bayan haka a ɗaga ƙafar da jak, a sa abin tokare mai ƙarfi, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Bai kamata ta yi wasa ba. Sai dai rulmar zamani, wadda ke zuwa a rufe tare da cibiyarta, tana iya lalacewa ba ta yi wasa ko kaɗan ba. Don haka a juya tayar da hannu, wani ya riƙe sifirin da tafinsa. In rulma ta ci, zai ji wani kaushi yana ratsa ƙarfen zuwa hannunsa. A kwatanta da ɗaya gefen kafin a yanke hukunci.

Abin da na fi zargi a motarka, tunda mai jan ƙafa huɗu ce, shi ne makunnin 4x4. Duba ko tana H4, wato inda ƙafa huɗu duka ke ja. Yawancin fikof ba su da abin da ke raba gudu tsakanin ƙafafun gaba da na baya, an yi H4 ɗinsu don yashi da laka ne, inda taya ke iya ɗan zamewa. In ka fito daga yashin hanyar ƙauye ka hau busasshiyar kwalta ba ka mayar H2 ba, inda ƙafa biyu kawai ke ja, farfela (doguwar sandar da ke kai juyi zuwa ƙafafu) da giyoyi suna murɗa juna, mota ta yi nauyi a kwana, ta yi gurnani, ranar da ka cire kuma ta ce gwaf da ƙarfi. In ta ƙi fita, ka miƙe sitiyari ka yi baya ƴan mitoci, za ta saki. Wannan kuskure yana cin taya, yana cin mai, in ya daɗe yana fasa abin da kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Fon baya kuma, wato tukunyar giyar da ke tsakanin ƙafafun baya, kukansa siriri ne kuma yana bin totur: ka taka ya fito, ka ɗaga ƙafa ya ɓace ko ya sauya murya. In haka ne a duba mansa, ya kamata ya kai bakin ramin da ake zuba shi. In ka ɗora ƙarfen kaya a rufi, cire shi ka gwada, iska kaɗai tana sa shi ruri daga gudun 70.

Sai gwaf ɗin. Kafin a shiga ƙarƙashi, kwashe komai daga motar: jak, kile, galan, kwalabe, abin da ke aljihun ƙofa. Duba jak ɗin ko an ɗaure shi a mazauninsa. Tayar safaya da ke rataye a ƙarƙashin bodi, tura ta da ƙafa, in ta motsa a ƙara ɗaure sarƙarta. Girgiza ƙofar bodi ta baya. Ƙarar da ke sa mutum ya kwana da tunani sau tari a nan take.

In ba nan ba, leƙa sifirin gaba. Wasu motoci ana cusa musu guntayen roba masu tauri, galibi masu launi mai haske, a tsakanin zoben sifirin ko a sandar amortisar (abin da ke rage tsallen mota), don kada su yi tsalle a jirgi. Dole a cire su kafin a ba mai mota. In an bar su, mota tana yin tauri ta riƙa buga ƙasa a kowane tudu. Daga nan a hau rami a duba ƴan sandunan da ke haɗa sandar hana tangaɗi da ƙafa. Notinsu in ya ɗan saki, suna ƙwas-ƙwas a ƙananan gargada, musamman in ƙafa ɗaya ce ta hau tudu, amma in ƙafafun biyu sun hau tare sai ka ji shiru. Wannan bambancin ka lura da shi, yana da amfani. A duba notin amortisar sama da ƙasa, da ƙarafan da suka rungume sifirin baya mai ganye a jikin aksil, da robobin da ke rataye salansa, da farantin da ke kare ƙasan inji, wanda dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi ya riƙa taɓa wani abu. A kama taya dama da hagu a girgiza, in akwai wasa, rotil ɗin sitiyari ne, wato gaɓar da ke haɗa sandar sitiyari da ƙafa. Notin taya kuma a gwada shi da kile mai awo gwargwadon lambar da ke littafin motar, a bi su a gicciye, ba a jere ba, ba kuma yaro ya hau kan bututu yana tsalle ba. Duk lokacin da aka cire taya, a sake gwada notin bayan kilomita 50 zuwa 100.

In gwaf ɗin yana zuwa ne lokacin tashi ko daidai tsayawa, ba a rami ba, a duba farfela. Tana da wurin da take shiga tana fita, in giris ya yi kaɗan sai ta maƙale ta saki da bugu. Fikof da yawa suna da ƴan nonon giris a nan da kuma a gaɓoɓinta, a ɗura musu. Ƙas-ƙas-ƙas a jere kuma in ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali, kardan ne, wato sandar da ke juya ƙafar gaba, a duba robarsa ko ƙaya ko kututture ya yaga ta yashi ya shiga.

Akwai ƙarar da ba cuta ba ce, kada a ci kuɗinka a kanta. Da ka tashi mota ka fara tafiya, wajen gudun 10 zuwa 30, kana iya jin wani ɗan bugu ko ƙugi sau ɗaya daga gaba: na'urar ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, ce ke gwada kanta. Ƙas ɗin da kilim ke yi in ya kama, da fanka da ke ci gaba da juyawa bayan ka kashe inji, da ƙas-ƙas ɗin salansa in yana hucewa, duk lafiya ne. Taka birki na farko bayan ka yi baya yana iya ba da ƙwas ɗaya, takalmin birki ne ya gyara zama. In otomatik ce ka ajiye ta a gangare, ka sa P, giyar ajiye mota, kafin ka ja birkin hannu, nauyin mota duka yana kwanciya a kan ɗan haƙorin da ke kulle giya, shi ne gwaf ɗin da za ka ji in ka zo fita. Ja birkin hannu tukuna, ka bar ta ta zauna, sannan P.

Maganar garanti ita ta sa na ce kada a taɓa. In sabuwa ce dal daga wakilin kamfani, duba littafinta, da yawa shekara 3 ne ko kilomita 100,000. Auna iska, kwashe kaya, leƙa ƙarƙashi, ba abin da suke ɓatawa. Amma in makanikin unguwa ya buge rulma ya sa wata daga kasuwa, kana iya rasa haƙƙinka a kan wannan ɓangaren. Na san Yamai, inda wakilin yake, da nisa, fiye da kilomita 600, kuma ba kowa ke da sukunin zuwa ba. Don haka ka sa wani ya zauna a baya ya ɗauki ƙarar da waya, a nuna allon gudu a ciki, ka rubuta gudun da take farawa, da sanyi ko da zafi, da kaya ko babu, ka aika musu kafin ka tashi. In ka je, ka nemi makanikinsu ya shiga ku fita tare ya ji da kunnensa, kuma a rubuta ƙorafin a takarda da kwanan wata da kilomita, ka riƙe kwafi, ko da sun ce ba su ga komai ba. In kuma sabuwa ce a hannunka kawai, ta riga ta yi aiki a waje, kada ka yarda da lambar kilomita ita kaɗai. Karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya da ta bushe tana ruri ko haƙoranta suna nan cif.

Abin da ba a jira da shi kuwa: gwaf da kake ji a hannu cikin sitiyari, mota na ja gefe in ka taka birki, taya na wasa da aka girgiza, cibiyar ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi sosai bayan tafiyar kilomita 15, ko ruri da ya koma gurzar ƙarfe. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, kada ka kama hanyar Zinder ko Katsina da ita, a ɗauke ta a kai gareji. Ka yi gwajin giya da na karkata sitiyari, ka auna iskar gobe da safe, ka faɗo mana awon da ka samu da ko makunnin yana H2, daga nan za mu iya cewa wace ƙafa za a ɗaga.