Kuɗin tallafin kompaila kada ya fito daga aljihunka

Kai yaro, kana tambayata ko ka biya kuɗin shekarar da masu kompaila (manhajar da ke fassara rubutun firogiram zuwa harshen na'ura) ke karɓa don injiniyoyinsu su riƙa amsa maka tambaya. Kada ka biya, sai in mai aiki ne ya ajiye kuɗin a kan teburi.

Wani ɗan kwangila ya taɓa zuwa mini shago nan Ƙofar Ƙaura, babbar riga tana ƙamshin turare, wai yana son allunan lantarki da za su riƙa kashe famfon burtsatse in tanki ya cika. Na rubuta masa firogiram a kan PIC16F72, wani aisi, wato ɗan guntun da ke sarrafa allon. Aisin nan kalma 2048 kawai yake ɗauka, kompaila ta kyauta kuma ta ƙi matse mini rubutun ya shiga. Ya ce, "Maigida, sayi ta kuɗin har da tallafin, ka sa a lissafi." Na canji dala da kuɗin da na ware wa hayar shago.

Rubutu ya shiga, ban musa ba. Sai ga aisi yana farawa daga farko duk sanda famfo ya tashi. Na tura wa masu kompaila imel, suka ce in aiko da guntun rubutun da ke nuna laifin kompaila. Ina zan samo shi? Rile ne, wato makunnin da ke tada famfo, ke watso ƙazantar wuta. Dayod a kan kwayil, kafasita 100nF a gindin ƙafar aisi, magana ta ƙare. Su aibin manhajarsu suke gyarawa, allonka ba ruwansu da shi, kuma yawancin abin da zai hana ka barci a allon yake.

Mutumin ya karɓi samfur, ya roƙe ni kada in kulle aisin, wai injiniyansu zai duba. Ashe kwashe rubutun za su yi. Waya a kashe tun daga ranar. Daga baya na ga allona a wata rijiya kan hanyar Daura, da tambarin wani a manne. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu ba ku son karanta takardar bayanin aisi, so kuke a tauna a ba ku. Ga kompailar XC8 ta kyauta, ga ta avr-gcc da ke cikin Arduino, sun ishe ka. Ranar da ka samu aikin allo ɗaruruwa, ka karɓi rabin kuɗi tukuna, ka kulle aisi, sannan ka zo mu yi maganar lasisi. Yanzu tashi ka ƙarasa mini inbatar can, mai ita bayan la'asar zai zo.