Amsa: Shin hotunan talaucin mutanen Rasha gaskiya ne?

Malam, ka tambaya ko hotunan talakawan Rasha da ake yaɗawa sahihai ne, kuma ko za ka iya sa su a rubutunka. Da yawansu gaskiya ne, amma inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka ɗauke su.

Ɗaukar hotunan talakawa aiki ne da ya daɗe a Rasha. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Rasha, Maksim Dmitriyev, ya zagaya ƙauyukan lardin Nizhni Novgorod da kyamararsa lokacin yunwar 1891 zuwa 1892. Bayan shekara talatin, Fridtjof Nansen, ɗan ƙasar Norway mai aikin agaji, ya ɗauki hotunan yara masu kumburarren ciki da ƙafafu kamar sillen kara a yankin kogin Volga, ya nuna su a Turai domin neman agaji. Wannan yunwa ta 1921 ta kashe kimanin mutum miliyan 5.

Babban kuskuren da ake yi shi ne sauya wa hoto shekara ko ƙasa, domin an sha liƙa hotunan Volga a kan yunwar Yukren ta 1933. Saboda haka ka fara gano mai ɗaukar hoton da gidan adana tarihin da ke riƙe da shi. Idan sabon hoto ne kuma fuskar mutum ta fito, sashe na 152.1 na dokar farar hula ta Rasha ya tanadi neman yardarsa, don haka ka tuntuɓi lauya masanin haƙƙin mallaka kafin ka wallafa.